An Tabbatar da Hukunci, Ba a Faɗi Dalili Ba

Ranar da hukuncin kotun ɗaukaka ƙara ya fito, lauyata ta turo mini shi ta imel, ba ta ƙara komai a kai ba sai cewa in kira ta idan na gama karantawa. Na buɗe takardar ina sa ran shafi goma ko fiye, ganin cewa hujjojin da mu kaɗai muka shigar sun haura shafi 40, sai na tarar da shafi ɗaya tak. A sama akwai sunan kotu da lambar shari'a da sunana da na abokin shari'ata, a ƙasa akwai sunayen alƙalai uku da bayanin cewa dukansu sun amince, a tsakiya kuma kalma uku: "Per Curiam. Affirmed." Biyun farko Latin ne, suna nufin kotu ce baki ɗaya ta yi magana ba wani alƙali guda ba, ta ukun kuma tana nufin an tabbatar da hukuncin kotun farko. Na yi ta jan shafin ƙasa ina neman ragowar bayani, har na sake sauke takardar a kwamfuta don ina zaton wayata ce ta yanke ta. Babu wani ragowa.

Abin ya faru ne a jihar Filorida ta Amurka, inda nake zaune kuma nake 'yar sana'ata ta rarraba kaya. Na kama hayar wani sito na shekara uku, kuma a cikin shekara ta biyu rufinsa ya fara yoyo har kaya suka lalace. Na rubuta wa mai siton ta imel sau uku, ya amsa sau biyu, har ya turo wani ma'aikaci ya hau ya duba, amma gyara bai samu ba. Da abin ya ishe ni na kwashe kayana na mayar masa da makullai, shi kuma ya maka ni a kotu yana neman kuɗin hayar duk watannin da suka rage. Hujjarsa ita ce yarjejeniyar da muka sa wa hannu ta ce duk wata sanarwa sai an aika ta da wasiƙa mai rajista, don haka a wurinsa imel ba sanarwa ba ce. Alƙalin kotun farko ya karɓi wannan hujja, ya kuma yanke mini biyan kuɗin gaba ɗaya, bai cire ko kwabo ba daga abin da mai siton ya karɓa a hannun sabon ɗan haya da ya sa a wurin wata huɗu bayan tashina.

Ban yarda da hukuncin ba, kuma doka ta ba ni kwana 30 kacal in shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara, wa'adin da idan ya wuce babu alƙalin da ke da ikon ƙara shi. Lauyan da ya tsaya mini a kotun farko ya gaya mini gaskiya cewa ɗaukaka ƙara fanni ne daban, ya haɗa ni da wata lauya da wannan ne kaɗai aikinta. A zamanmu na farko ta warware mini wani kuskuren fahimta da na daɗe ina ɗauke da shi. Ni a tunanina za a sake shari'ar ne daga farko a gaban manyan alƙalai, in sake kawo hotunan kayan da suka jiƙe, in sake ba da labarina da bakina. Ta ce babu shaida ko ɗaya da zai tsaya a can, kuma babu sabuwar takarda da za a karɓa. Abin da alƙalan za su duba shi ne kundin abin da ya gudana a kotun farko, su ga ko alƙali ya yi kuskuren doka, kuma tun daga farko suna ɗaukar hukuncinsa a matsayin daidai har sai mai ɗaukaka ƙara ya nuna akasin haka.

Na biya dala 300 ga kotun ɗaukaka ƙara da dala 100 ga magatakardan kotun farko, waɗanda su ne mafi ƙanƙanta a cikin duk abin da na kashe. Abin da ya fi girgiza ni shi ne sanin cewa ɗaukaka ƙara ba ta hana abokin shari'a fara karɓar kuɗinsa. Idan ina son a dakatar da shi, sai na ajiye lamunin da ya kai asalin kuɗin da aka yanke tare da kuɗin ruwa na shekara biyu bisa ƙimar da doka ta ƙayyade. Na yi haka da taimakon wani kamfanin lamuni, wanda shi ma yana da nasa ladan da ba ya mayarwa ko da mutum ya yi nasara.

Daga nan muka shiga haɗa kundin shari'a, kuma a nan ne matsalar da har yau nake zargin ita ta kayar da ni ta bayyana. A shari'o'in da ba na laifi ba irin tawa, kotun Filorida ba ta ajiye wanda zai rubuta abin da aka faɗa a zama kalma da kalma. Wanda yake so shi zai ɗauko marubucin ya biya shi. A babban zaman da aka saurari shaidu mun ɗauko, amma a zama na biyu, wanda aka yi don ƙididdige kuɗin da zan biya, ba mu ɗauko ba, domin an ce mini gajeren zama ne, ni kuma a lokacin aljihuna ya riga ya yi rauni. A wannan zaman ne aka yi maganar sabon ɗan haya, a nan ne mai siton ya amsa da bakinsa cewa ya ba wani wurin, amma babu rubutaccen abin da zai nuna an yi wannan magana. Lauyata ta ambata mini shari'ar Applegate da Bankin Barnett ta shekarar 1979, inda Kotun Ƙolin jihar ta ce idan babu rubutaccen bayanin zama, kotun ɗaukaka ƙara ba ta da hanyar da za ta ce alƙali ya yi kuskure wajen auna shaida. Doka ta bar wata 'yar ƙofa: mu rubuta abin da muka tuna, mu ba ɗaya ɓangaren ya duba, sa'an nan alƙalin ya amince. Mun rubuta, ɗaya ɓangaren ya ƙi yarda da shi, alƙalin kuma ya ce bayan zaman shari'o'i masu yawa ba zai iya tuna abin da aka faɗa dalla-dalla ba.

Duk da haka lauyata ta ga akwai abin kamawa. Doka ta ba mu kwana 70 daga ranar sanarwa mu shigar da takardar hujjojinmu, wadda ba za ta wuce kalma 13,000 ba, kuma mun gina ta a kan magana biyu. Ta farko, mutumin da ya karɓi saƙo, ya amsa shi, har ya turo ma'aikaci saboda shi, ba shi da bakin cewa ba a sanar da shi ba don kawai saƙon bai zo ta gidan waya ba. Ta biyu, ba daidai ba ne a karɓi hayar wuri ɗaya na wata ɗaya daga hannun mutum biyu, kuma akwai wata takarda a cikin kundin da ta ambaci sabon ɗan hayar ko da babu bayanin zaman. Na karanta wannan takarda sau uku kafin a shigar da ita, kuma ban taɓa ganin an tsara damuwata da kyau irin haka ba. Ɗaya ɓangaren ya kawo amsarsa bayan ya nemi ƙarin lokaci, mu ma muka mayar da martani a taƙaice, sa'an nan muka roƙi a ba mu damar yin bayani da baki, aka kuwa ba mu.

Zaman bai kai awa ɗaya ba, domin minti 20 ake ba kowane ɓangare. Na zauna a bencin baya, alƙalai uku suna sama, lauyata tana tsaye a gaban wani ɗan teburi mai agogon da ke nuna mata lokacin da ya rage. Ba ta yi minti biyu tana magana ba ɗaya daga cikinsu ya katse ta, ya tambaye ta a wane shafi na kundin za su ga adadin kuɗin da sabon ɗan hayar ya biya. Ta nuna masa takardar da muke da ita, ya duba, ya rubuta wani abu, bai ce komai ba. Da lauyan mai siton ya tashi, wata alƙaliya ta tsare shi da tambaya: idan wanda yake karewa bai samu sanarwa ba, me ya sa ya tura mutum ya hau rufin? Na ga lauyan ya yi jim, ya juya takardunsa, ya koma kan kalmomin yarjejeniya, ita kuma ta sake maimaita tambayar da wata siga. Na fito daga ɗakin nan zuciyata cike da fata, ko da yake lauyata ta ja mini kunne a bakin ƙofa cewa shari'a mace ce da ciki, kuma zafin tambaya ba ya nuna inda alƙali ya karkata.

Bayan mako uku shafin nan guda ya iso, wata 14 cif daga ranar da na shigar da sanarwa. Da na kira lauyata, tambayata ta farko ita ce yaushe za a turo dalilan. Ta yi shiru kaɗan, sa'an nan ta ce ba za a turo ba, wannan shi ne hukuncin gaba ɗayansa, kuma lauyoyin jihar sun saba da shi har suna taƙaita sunansa da haruffa uku, PCA. Da dare maiɗakina ta karɓi wayar ta karanta da kanta, ta ɗago ta ce, "Malam, to me suka ce ka yi ba daidai ba?" Na ce ba su faɗa ba. Ta ce, "Ko a gida idan aka raba gardamar yara, ai akan gaya wa wanda bai da gaskiya inda ya kauce." Ban sami abin da zan ce mata ba.

Washegari lauyata ta zauna da ni ta lissafa mini hanyoyin da mai yiwuwa alƙalan suka bi. Wataƙila sun ga cewa kalmomin yarjejeniya a fili suke, wasiƙa mai rajista kawai aka ce. Wataƙila sun yarda da mu a kan sanarwa, amma suka ga yoyon bai kai ya ba ni ikon tashi ba, domin akwai ƙa'idar da ta ce idan sakamakon da alƙali ya kai daidai ne, za a tabbatar da shi ko da dalilin da ya bayar kuskure ne, muddin akwai wani dalili a cikin kundin da zai riƙe shi. Wataƙila rashin bayanin zama na biyu ne ya rufe maganar sabon ɗan haya tun kafin a duba ta. Wataƙila kuma sun ga lauyana na farko bai tayar da wata hujja a kan kari ba, abin da ba a faɗa a kotun farko ba kuwa ba a karɓarsa a sama. Kowace daga cikin waɗannan tana nufin wani abu daban a gare ni: ɗaya tana cewa ba ni da gaskiya tun asali, ɗaya tana cewa ina da gaskiya amma na yi sakaci da takarda, ɗaya kuma tana ɗora nauyin a kan wanda na biya ya kare ni. Shafin bai zaɓi ko ɗaya ba.

Sai na ce mu wuce Kotun Ƙolin jihar, a nan ne na gane cewa rashin dalilin ya toshe wannan hanyar ma. An kafa kotunan ɗaukaka ƙara na shiyya a Filorida a shekarar 1957, guda uku a lokacin, domin a rage wa Kotun Ƙoli nauyi, da nufin su zama tashar ƙarshe ga mafi yawan shari'o'i. Yau guda shida ne, ta shidan ta fara aiki a watan Janairun 2023. A shekarar 1980 aka yi wa kundin tsarin mulkin jihar gyara, aka ce Kotun Ƙoli za ta iya duba hukuncin kotun shiyya idan ya ci karo da na wata kotun shiyya ko nata a fili kuma kai tsaye. A wannan shekarar, a shari'ar Jenkins, Kotun Ƙoli ta fassara gyaran da cewa kalmar "an tabbatar" ita kaɗai ba ta furta komai a fili ba, saboda haka ba ta da hurumin duba irin wannan hukunci, ko da ɗaya daga cikin alƙalan uku ya rubuta doguwar takarda yana nuna rashin amincewarsa. Lauyata ta ce da a ce sun rubuta ko sakin layi ɗaya suna cewa imel ba ta wadatar ba ko da an amsa ta, da tana da hukunce-hukuncen wasu kotunan da za ta ɗora a gefensa ta nuna saɓani. Tun da ba su rubuta ba, babu abin da za a gwada da wani.

Abu ɗaya ya rage, wato mu roƙi kotun da kanta ta rubuta dalilanta, kuma kwana 15 ne wa'adin wannan roƙo. Ba ya wadatarwa mutum ya ce yana son ya sani. Sai ya nuna cewa rubutun zai ba da damar zuwa Kotun Ƙoli, ko zai bayyana abin da ya yi kama da kauce wa hukunce-hukuncen baya, ko zai zama jagora a kan batun da ake sa ran zai yi ta maimaituwa. Mun kafa roƙonmu a kan cewa a zamanin da kusan duk mu'amalar haya ta koma imel da saƙon waya, dubban masu haya da masu gidaje suna bukatar su san matsayin irin wannan sanarwa. Bayan kusan wata ɗaya amsa ta zo, ita ma layi ɗaya: an ƙi roƙon. Wannan ƙin ma ba a ɗaukaka ƙara a kansa, domin a shekarar 2004, a wata shari'ar kamfanin taba na R.J. Reynolds, Kotun Ƙolin jihar ta ce ba ta da ikon tilasta wa kotun shiyya ta rubuta dalili.

Ba na so in zalunci alƙalan, domin na saurari hujjar masu kare wannan tsari kuma akwai gaskiya a cikinta. Shari'o'in da ke shiga waɗannan kotuna suna da yawa ƙwarai, da dama daga cikinsu kuma babu wani sabon abu a ciki, doka a bayyane take kuma alƙalin farko ya bi ta. Idan aka ce sai an rubuta cikakken bayani a kan kowace, jira zai ƙaru ga kowa, littattafan shari'a kuma za su cika da maimaici har a rasa gane hukuncin da ke da muhimmanci. Haka kuma irin wannan hukunci ba a kafa hujja da shi a wata shari'ar, don haka idan an yi kuskure a cikinsa, kuskuren ya tsaya a kan mutum ɗaya. Sai dai ni ne wannan mutum ɗayan, kuma abin da na nema bai kai cikakken bayani ba. Da an rubuta "an tabbatar saboda babu bayanin zama", ko aka ambaci sunan shari'a ɗaya da aka dogara da ita, kamar yadda kotunan kan yi wani lokaci, da layi ɗaya ya wadatar da ni. Alƙalan da suka karanta kundin, suka saurari lauyoyi, suka tattauna a tsakaninsu, sun riga sun san dalilinsu. Rubuta shi ne kawai ya rage. Ina kuma da yaƙinin cewa wanda ya san sai ya rubuta dalilinsa yakan sake auna shi, domin sau da yawa hujjar da ta zauna daram a cikin kai takan nuna rauninta idan aka zo sa ta a takarda. Ba kowace jiha ce ta zaɓi wannan hanya ba: kundin tsarin mulkin Kalifoniya ya wajabta wa kotunan ɗaukaka ƙara su yanke shari'a a rubuce tare da bayyana dalilai, kuma su ma ba ƙaramin aiki ne a gabansu ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata shari'a da lauyata ta ba ni labarinta lokacin da na tambaye ta ko irin wannan shiru ya taɓa rufe babban kuskure. A farkon shekarun 1980 wata kotun Filorida ta ƙwace riƙon 'ya daga hannun mahaifiyarta, farar fata, ta ba uban, saboda matar ta zauna da wani baƙar fata wanda daga baya ta aura. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin ba tare da ta rubuta komai ba, abin da ya hana Kotun Ƙolin jihar taɓa shi. Sai da matar ta kai maganar Kotun Ƙolin Amurka, wadda a shekarar 1984, a shari'ar Palmore da Sidoti, alƙalanta tara suka haɗu baki ɗaya suka soke hukuncin. Wannan hanya a buɗe take ga wanda aka yi wa irin hukuncina, cikin kwana 90, amma sai idan akwai batun dokar tarayya ko na tsarin mulkin ƙasa, kuma ƙalilan ne daga cikin dubban roƙon da ake kai mata kotun take karɓa. Rigimar hayar sito da wasiƙa mai rajista ba ta cikin abin da za ta saurara, lauyata kuma ba ta ɓoye mini haka ba.

Bayan an ƙi roƙonmu, kotun ta aika da umarninta na ƙarshe zuwa kotun farko, kamfanin lamuni ya biya mai siton, ni kuma na shiga biyan kamfanin. Saboda yarjejeniyar hayar ta ce wanda ya faɗi shi zai ɗauki kuɗin lauyan wanda ya yi nasara, an ƙara mini da kuɗin lauyansa na ɗaukaka ƙarar, aka koma gaban alƙalin farko don a ƙayyade adadin. A wannan zaman na ɗauko marubuci na biya shi, ko da yake zaman bai wuce minti 25 ba.

Yanzu ina haya a wani siton, kuma da na zo sa hannu a sabuwar yarjejeniya na kai wa lauyata ta duba. Na tambaye ta wane sashe ne ya kamata mu gyara don kada abin da ya faru ya sake faruwa, ta ce tun da ba mu san wanda ya kayar da mu ba, sai mu gyara duka. Muka sa a rubuce cewa imel sanarwa ce, muka fayyace irin lalacewar da za ta ba ni ikon tashi da adadin kwanakin da zan jira, muka kuma rubuta cewa duk abin da aka karɓa daga sabon ɗan haya za a cire shi daga abin da ake bi na. A watan jiya famfon bayan siton ya fashe, na rubuta wa mai wurin ta imel, sa'an nan na tafi gidan waya na aika masa da wasiƙa mai rajista, na ajiye rasit ɗin a cikin fayil ɗin da shafin nan guda yake.